Wasiƙa ga aminina a kan tsofaffin taurari da aikin koci

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, kuma maganar da ka rufe shi da ita ce ta sa na zauna na rubuto maka doguwar amsa, don ta fi ƙarfin gajeren saƙon waya.

Ka ce kai ka gama yanke hukunci: duk wanda ya yi fice a fili kada a damƙa masa ƙungiya, domin gwanin taka leda ba ya iya koci. Ka jero Maradona da Rooney da Gary Neville da Pirlo. Ban musa ko ɗaya daga cikinsu ba, amma hukuncin ne ban yarda da shi ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutanen nan mun so su tun muna yara, kuma ba na jin daɗin yadda ake ɗora musu laifin da rabinsa na wasu ne.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ba a yi 'yan wasa da yawa kamar Maradona ba, amma da aka ba shi Ajantina a 2008, abin bai yi kyau ba. Bolibiya ta lallasa su da ci 6-1 a La Paz a 2009, da ƙyar suka samu gurbin zuwa Kofin Duniya. Da ya tashi zaɓen 'yan wasan da zai tafi da su Afirka ta Kudu a 2010, sai ya bar Zanetti da Cambiasso a gida, mutanen da suka ɗauki kofi uku da Inter Milan a wannan kakar. Ranar da suka haɗu da Jamus, ya cika gaba da Messi da Tevez da Higuain, ya bar wa Mascherano nauyin tare tsakiya kusan shi kaɗai, aka tashi 4-0. Duk mai kallo ya ga inda ɓarakar take tun kafin hutun rabin lokaci, amma ba a toshe ta ba.

Na san dalilin da kake nufi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Abin da gwani yake yi a fili, sau da yawa jikinsa ne yake yi kafin tunaninsa ya iso. Ka tambaye shi yadda ya san abokinsa zai ɓullo ta nan, sai ya ce ai a fili take. To a gare shi ne take a fili. Kamar mutumin da ya tashi a cikin lunguna ne, ko da dare ba ya ɓata, amma ka ce ya kwatanta wa baƙo hanya, sai ka ga ya rasa ta inda zai fara. Shi kuwa koci, kwatance ne aikinsa. Zai tsara atisayen mako guda yadda kowace rana za ta kai ga wasan ƙarshen mako. Zai zauna da bidiyon abokan hamayya har ya gano ta inda suke zuba. Zai fahimtar da yaro ɗan shekara 19 inda zai tsaya idan an ƙwace ƙwallo, ya maimaita masa ba tare da ya ƙosa ba. Zai dubi idon babban mutum mai iyali ya ce masa yau benci za ka zauna, kuma gobe ya samu mutumin nan yana atisaye da zuciya ɗaya. Ɗan wasa da jikinsa da wasansa kawai yake kwana. Koci yana kwana da mutum 25, da mai ƙungiya, da 'yan jarida, da likitoci.

Duk wannan na yarda. Amma in da hukuncinka gaskiya ne, ina za mu kai Zagallo, wanda ya ɗauki Kofin Duniya da Brazil yana ɗan wasa a 1958 da 1962, ya sake ɗauka yana koci a 1970? Ina za mu kai Beckenbauer, kyaftin a 1974, koci a 1990, da Deschamps, kyaftin a 1998, koci a 2018? Cruyff ya ba Barcelona La Liga 4 a jere da Kofin Zakarun Turai na farko a tarihinta a 1992. Ancelotti ya ci kofin Turai sau 2 da ƙafarsa a Milan, sannan ya ci sau 5 daga bakin layi. Ka tuna kuma cewa taurari na gaske 'yan kaɗan ne a kowane zamani, masu matsakaicin wasa kuwa dubbai ne. In aka samu wannan adadi daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan, ba za a ce ba sa iyawa ba. Abin da yake ruɗin mu shi ne faɗuwar tauraro duk duniya take ji, alhali kociyoyin da ba su yi suna ba ana korarsu kowane mako babu mai lissafa su.

Ni abin da nake dubawa shi ne hanyar da mutum ya bi kafin ya hau kujerar. Ɗauki Zidane. Mutane suna magana kamar daga fili ya wuce kai tsaye ya ɗauki Kofin Zakarun Turai 3 a jere. Ba haka aka yi ba. Ya ajiye takalmi a 2006, bai karɓi babbar ƙungiyar Real Madrid ba sai a Janairun 2016. A tsakani ya zauna gefen Ancelotti a matsayin mataimaki a kakar 2013-14, sannan ya sauka ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid, a rukuni na 3, inda babu cikar 'yan kallo, babu kyamarori masu yawa. A can ya yi kurakuransa na farko. Mutumin da ya ci ƙwallo 2 a wasan ƙarshe na Kofin Duniya ya yarda ya koma ɗalibi, wannan kaɗai ya isa a girmama shi.

Guardiola ma haka. A ƙarshen wasansa ya tafi Meziko ya taka wa Dorados leda don ya kasance ƙarƙashin Juan Manuel Lillo, kocin da yake ganin zai ƙaru da shi. Ya je Ajantina ya zauna da shahararren koci Marcelo Bielsa yana tambaya. Da ya dawo, Barcelona B ya karɓa a rukuni na 4 a 2007, ya haurar da ita, sannan aka ba shi babbar ƙungiya a 2008. Xabi Alonso, wanda ya ɗauki Kofin Duniya da Sifaniya, ya fara ne da ƙananan yaran Real Madrid, ya yi shekara 3 da ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad. Da ya isa Leverkusen a Oktoban 2022 tana can ƙasan teburi, amma a kakar 2023-24 ta ɗauki Bundesliga karon farko a tarihinta, ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba a gasar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai gudun waɗannan ba a nuna shi a talabijin ba.

Yanzu dubi mutanen da ka lissafa. Juventus ta naɗa Pirlo kocin matasanta 'yan ƙasa da shekara 23 a ƙarshen Yulin 2020. Bayan kwana 9 aka ɗauke shi aka ba shi babbar ƙungiya, bai taɓa jagorantar wasa ko guda ba. Ƙungiya ce da ta ci Serie A sau 9 a jere, ba ta san uzuri ba. Ya ƙare na 4, ya ɗauki Coppa Italia, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Wa ya yi wa wani laifi a nan? Neville ya baro sharhin talabijin ya karɓi Valencia a tsakiyar kaka, a ƙasar da ba ya jin yarenta, Barcelona ta zura masa 7-0, bai cika wata 4 ba. Na Rooney a Birmingham ya fi ba ni takaici. Ƙungiyar tana ta 6 a teburi a Oktoban 2023 aka sallami John Eustace, wanda yake aikinsa lafiya, don a kawo mai suna. Rooney ya yi wasa 15, ya ci 2, aka kore shi a farkon Janairu, kuma a ƙarshen kaka ƙungiyar ta faɗa rukuni na 3.

Ka ga sunan da yake buɗe musu ƙofa, shi ne yake hana su lokacin koyo. Mai ƙungiya yana son ya kwantar da hankalin magoya baya, ko ya sayar da riguna, ko a riƙa ambaton ƙungiyarsa a labarai, sai ya kira tsohon tauraro. Shi kuma tauraron, wanda duk rayuwarsa bai saba jin an ce ba zai iya ba, da wuya ya ce a dakata masa. Idan abu ya lalace, mai ƙungiya ya wanke hannunsa, shi kuwa a bar shi da tambarin wanda ya kasa. Ina ganin laifinsu na rashin haƙuri, amma na fi ganin na masu naɗa su.

Za ka ce min ai Beckenbauer ya karɓi Jamus ta Yamma a 1984 ba shi da ko takardar shaidar koci, kuma Cruyff ma haka ya fara a Ajax. Gaskiya ne, kuma su ne suka fi wahalar da hujjata. Abin da zan ce shi ne, waɗannan tun suna wasa suke koci. Beckenbauer daga baya yake kallon fili gaba ɗaya yana tsara kowa. Cruyff kuwa duba kowane tsohon bidiyonsa, hannunsa ba ya hutawa, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya, kuma shekaru ya yi ƙarƙashin Rinus Michels yana gardama da shi a kan dabara. Ka lura da yawancin waɗanda suka yi nasara: Guardiola, Ancelotti, Deschamps, Alonso, Simeone, Conte, duk 'yan tsakiya ne, wurin da dole ka san abin da mutum 10 suke yi kafin ka san naka. Ban ce doka ba ce, amma abin ya yi yawa a ce dace ne.

Su kuma waɗanda ba su yi suna a fili ba, ba rashin iya wasan ne ya sa suka iya koci ba. Lokaci suka samu. Sacchi bai taɓa zama ƙwararren ɗan wasa ba, takalma yake sayarwa, amma ya shafe shekaru da ƙananan ƙungiyoyi da matasa kafin Milan ta ɗauko shi daga Parma a 1987. Da aka yi masa gorin bai taka leda ba, sai ya ce bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya iya sukuwa ba. Mourinho tafinta ya yi wa Bobby Robson, ya bi shi daga Sporting zuwa Porto zuwa Barcelona yana rubuta rahoton abokan hamayya. Nagelsmann ciwon gwiwa ya raba shi da wasa tun yana matashi, shi ya sa da Hoffenheim ta ba shi ƙungiya yana ɗan shekara 28, ya riga ya daɗe yana horar da yara. A lokacin da tauraro yake ajiye takalmi yana da shekara 35 ko fiye, sa'ansa irin waɗannan ya ba shi ratar shekaru masu yawa a sana'ar.

Amma akwai abin da tauraro yake da shi wanda ba a koyarwa a aji, wato kwarjini a ɗakin sauya kaya. Zidane ya shawo kan Cristiano Ronaldo ya riƙa hutawa a wasu wasannin La Liga a kakar 2016-17, ya iso ƙarshen kaka da ƙarfinsa, ya ci Juventus 2 a wasan ƙarshe a Cardiff. Kociyoyi nawa ne za su faɗa wa Ronaldo ya zauna ya saurare su? Sai dai kwarjinin nan na 'yan watanni ne. 'Yan wasa suna gane atisayen da ba shi da kan gado cikin sauri, kuma da zarar sun gane, tsofaffin kofunanka ba sa hana su juya maka baya.

Na ajiye Stephen Keshi, don na san kana ƙaunarsa kamar yadda nake yi. Ya ɗaga Kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗagawa yana koci a 2013, abin da kafin shi Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa ci ta fuska biyu. Shi ma bai faɗo daga sama ba. Ya yi mataimaki, ya je Togo ya sama mata gurbin Kofin Duniya na 2006, na farko a tarihinta, ya wuce Mali, sannan ya karɓi Super Eagles a 2011. Wannan gogewar ce ta ba shi ƙarfin zuciyar ajiye wasu manyan sunaye ya tafi da 'yan wasan gida irin Sunday Mba, wanda ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Aliou Cisse ma, wanda ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na Kofin Afirka na 2002, da matasan Senegal ya fara. An ba shi babbar tawaga a 2015, Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe a 2019, amma hukumar ƙasarsa ba ta kore shi ba, sai ga shi ya kawo musu kofinsu na farko a 2022. Da sun yi gaggawa, da yau yana cikin jerin da ka aiko min.

Akwai mutum ɗaya da nake son jin ra'ayinka a kansa, wato Gerrard. Ya fara da matasan Liverpool, ya ɗauki gasar Scotland da Rangers a 2021 ba a doke shi ba, amma a Aston Villa bai cika shekara ba aka sallame shi, kuma Unai Emery ya zo ya ɗaga ƙungiyar da kusan 'yan wasan nan dai. Ni ina ganin ya yi saurin barin Rangers, kai kuma na san za ka ce ya ƙara maka hujja. Ka rubuto min dalilanka dalla-dalla, ina jira.

Ka gaida iyali da yara da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka