Rahoton Ayyukan Shekarar 2017 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Houston

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa, shugaba da 'yan kwamiti, Hajiyoyinmu da sauran 'yan'uwa maza da mata, ga rahoton sakatare na bana. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana cikin takardar ma'aji da aka haɗa da wannan, don haka ba zan maimaita shi ba. Wanda ke da tambaya a kansa ya zo taro ya yi ta a gaban jama'a, ya daina kiran ma'aji da tsakar dare.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na Satumba da ambaliya ta cinye. An yi buɗe-baki na haɗin gwiwa a azumi, an yi walimar ƙaramar sallah, an je suna an je ta'aziyya. Shi ke nan a wannan fannin.

Abin da ya cika shekarar kowa ya san shi. Daren Juma'a 25 ga Agusta guguwar Harvey ta hau tudu kusa da Rockport, can wajajen Corpus Christi, tana mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, iskarta na gudun mil 130 a awa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ta wuce mu, tun da nesa ta sauka. Ashe ba iskar ce rabonmu ba, ruwan ne. Guguwar ta tsaya cak ta ƙi gaba, tana ɗebo ruwa daga teku tana juye mana kwana da kwanaki. A Nederland, gabas da mu, sai da aka auna inci 60.58, abin da ba a taɓa gani ba daga guguwa guda a tarihin Amurka. Da asubahin Litinin 28 ga wata injiniyoyin soja suka fara sakin ruwan madatsun Addicks da Barker cikin rafin Buffalo Bayou da ya ratsa gari don kada su fi ƙarfin bangonsu, sai ga gidajen da suka tsira daga ruwan sama sun nutse bayan an fara hamdala. Lissafin hukuma ya ce gine-gine fiye da 300,000 ne ruwa ya shiga a yankin, motoci sun kai 500,000, asarar dukiya ta kai dala biliyan 125, kuma aƙalla mutum 68 guguwar ta kashe kai tsaye a Texas. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mu dai, alhamdu lillahi, ba mu rasa rai ko ɗaya ba.

Aikin farko shi ne sanin ina kowa yake, kuma a nan ne takardar sunayenmu ta ba mu kunya. Shekara da shekaru ina roƙo, duk wanda ya tashi daga gida ko ya sake lamba ya sanar. Mutum ya bar Alief ya koma Katy, ya bar Bissonnet ya koma Missouri City, bai ce wa kowa uffan ba, sai ranar da ruwa ya kai masa ƙugu ake nemansa a tsohon adireshi. Samarinmu da 'yan matanmu ne suka ceci lamarin. Suka raba sunayen a tsakaninsu, suna kira ɗaya bayan ɗaya, wanda bai ɗauka ba a nemi maƙwabcinsa ko abokin aikinsa, har aka san halin kowane gida. Wasu iyalanmu a jirgin ruwa aka fito da su, har da jiragen masunta da mafarautan Louisiana da ake kira Cajun Navy, mutanen da ba su san mu ba, ba su kuma tambayi daga ina muke ba. Wasu sun kwana a babban zauren George R. Brown, inda aka tara mutum kusan 10,000. Wasu masallatan ISGH, ƙungiyar Musulmin Houston da kewaye, ne suka rufa musu asiri, domin an buɗe su ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Masu bene a cikinmu kuma suka ɗauki iyali biyu uku a ɗakunan sama.

Dole in ambaci nas-nas ɗinmu, waɗanda in sun tashi daga asibiti sai su wuce matsugunan su ci gaba. Akwai wata uwa da ta zo daga Damagaram wankan jegon 'yarta, ba ta jin Turanci ko kalma, maganin hawan jininta kuma ya tafi a ruwa. Ɗaya daga cikin nas ɗin ce ta zauna gefenta, ta yi mata tafinta, ta gano sunan maganin daga hoton kwalin da ke cikin wayar surukinta, kafin dare an samo mata wani.

To sai babbar sallah ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, Litinin 4 ga wata kuma hutun ranar ma'aikata. Kwana huɗu ke nan a jere, kuma a ganina ba mu taɓa yin abin da ya kai waɗannan kwanaki huɗun ba tun kafa ƙungiyar nan. Shawarar daga dattawa ta fito: a soke walimar sallah, kuɗinta a sayi kayan aiki. Ana saukowa daga idi, mutane suka tuɓe shadda a bayan mota suka sa takalman roba. Na ga injiniyan mai da direban Uber suna jan kafet guda, ɗalibi yana ba Alhaji umarni, shi kuwa Alhaji yana cewa "to, ranka ya daɗe" cikin raha.

Ga wanda bai je ba, kuma suna da yawa, bari in faɗi yadda aikin yake. Gidajen nan ba irin na gida ba ne da za a jira bulo ya bushe a shafa fenti. Bangon ciki allo ne mai taushi da aka buga a kan katako, a bayansa akwai auduga, kuma yana shan ruwa ya hau sama fiye da inda ruwan ya tsaya. A zafin Houston da danshinsa, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishi funfuna ta kama. Saboda haka sai a fara ɗaukar hoton komai, musamman layin da ruwa ya bari a jikin bango, domin masu inshora da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, za su nema. Sannan a fitar da katifa, kujeru da kafet, a ja layi a bango sama da inda ruwa ya kai, a yanke allon, a zaro jiƙaƙƙiyar audugar, a ɓalle ƙusoshi, a wanke katakon, a kunna fanka da na'urar tsotse danshi a bar shi ya bushe sarai kafin a yi maganar rufewa. Takunkumi da safar hannu ba na ado ba ne, domin ruwan ya gauraya da na masai da man mota. Tarkacen kuma a jibge shi a bakin titi, kowane iri daban, har titunan unguwa suka koma lunguna tsakanin tsibin kayan mutane.

Abin da ba zan manta ba shi ne firiza. A gidan wata Hajiyarmu an bar ta kwanaki babu wuta, cike da nama, da kilishi da daddawa da busasshen kifin da aka ɗauko daga gida a watan azumi. Wani saurayi, cikin ƙwazo, ya ɗaga murfin. Ba a ce kowa ya fita ba, amma cikin ƙiftawar ido ɗakin ya zama babu kowa. Daga ranar dokarmu ta zama a naɗe firiza da salatif a fitar da ita yadda take, kada wanda ya leƙa. A wannan gidan dai aka shimfiɗa fasfo da katin zama da takardun haihuwar yara a kan murfin mota, ana buɗe su shafi-shafi da bakin cokali don kada su yage, Hajiya na tsaye a kai ta hana kowa taɓawa da jiƙaƙƙen hannu.

Ɓangaren mata ya cancanci yabo na musamman. Waɗanda suka samu hanyar zuwa gona suka yi layya sun ba da naman kusan duka, aka haɗa shi a gidan shugabar mata, wadda ɗakin girkinta bai huta ba har daren Litinin. Dafa-duka, tuwo da miyar kuka, masa, kunun gyaɗa da safe, ana zubawa a robobi ana bi gida-gida. Ba namu kaɗai aka ciyar ba. Duk layin da muka shiga, maƙwabta sun ci, Ba'amurke da ɗan Meziko da ɗan Biyetnam, kuma in mun gama gidan ɗan'uwa muka ga tsoho shi kaɗai a gidan gaba, sai mu tsallaka. Wata tsohuwa Ba'amurkiya ta cinye masa ta aiko jikanta ya tambayo ko da saura. Akwai, aka ƙara mata.

Bayan aikin ƙarfi sai na takarda, wanda ya ɗauke mu har cikin Nuwamba. A nan mutane da yawa suka fara sanin cewa inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, kuma yawancin gidajen da ruwa ya ci a garin nan ba su da ita. Taimakon FEMA kuwa na tsayawa da ƙafa ne, ba na sake gina gida ba, sauran sai rancen SBA, hukumar ƙananan sana'o'i ta tarayya, wanda ke da kuɗin ruwa a kai ko da kaɗan ne. Wasu 'yan'uwa sun kai maganar gaban Malam, wasu sun karɓa, wasu sun ƙi, kuma ƙungiya ba ta sa baki a zaɓin kowa ba. Ɗalibanmu sun zauna da kwamfuta suna cika wa mutane fom, suna rubuta takardar neman a sake duba wanda aka ƙi. Allah Ya saka musu da alheri, domin ko kuɗin mai ba su karɓa ba.

Yanzu ga abin da ba ya da daɗin ji. Kuɗin wata da ya shigo bana bai kai rabin abin da ya kamata ba. Kwamiti ya yafe wa duk wanda ruwa ya shiga gidansa ko ya cinye motar da yake neman abinci da ita, daga Satumba zuwa Disamba, kuma babu wanda ya yi jayayya. Amma giɓin ba daga su yake ba. Abin mamaki, wasu daga cikin waɗanda aka yafe wa sun zo sun biya duk da haka. Waɗanda ko ƙofar garejinsu ruwa bai taɓa ba, su ne ake bi tun Janairu, kuma su ne yanzu ke fakewa da Harvey. In ka kira, "ina kan hanya, zan turo anjima". Anjimar nan ta shekara. Ni da ma'aji ba albashi ake biyanmu ba, muna da aiki da iyali kamar kowa, kuma bin babban mutum bashi har ya fara kauce maka a masallaci ba abin da ɗan'adam ke so ba ne.

An yi ta ƙorafi a zauren WhatsApp cewa me ya sa ba mu samu komai ba daga asusun agajin da magajin garin Houston Sylvester Turner da shugaban gundumar Harris Ed Emmett suka kafa a 2017. Amsar gajeriya ce: ƙungiyoyi masu rajistar 501(c)(3), wato rajistar ƙungiyar agaji a hukumar haraji, ake ba wa, mu kuwa ba mu da ita. Ba kuɗi ne ya hana ba, gajeren fom ɗin hukumar haraji dala 275 ne kacal. Abin da ya hana shi ne kundin tsarin mulkinmu, wanda ba a amince da shi ba har yau, saboda duk ranar da aka sa shi a ajanda ba a samun adadin mutanen da ake buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu tambayar a zaure su duba takardar halartar taro su ga ko sunansu na ciki.

Ruwan shan da muka yi niyyar kai wa Beaumont, lokacin da famfunan garin suka tsaya a ƙarshen Agusta, bai tafi ba, saboda babbar hanyar I-10 na ƙarƙashin ruwa ta wancan gefen, kuma da ta buɗe masu a-kori-kurar da suka yi alkawari sun koma bakin aiki. An raba ruwan a nan cikin gari, ba a sayar ba, ba a ɓoye ba. Haka kuma maganar aika wani kaso gida. Gaskiya ne a daidai wannan lokacin ambaliya ta raba mutum fiye da 100,000 da muhallinsu a Makurdi da kewaye, Yamai ma ta sha ruwa a daminar, kuma 'yan'uwan da suka tayar da maganar ba su yi laifi ba. Sai dai kuɗin da aka tara da sunan Harvey aka tara shi, ba mu da hurumin karkatar da shi. Mun buɗe asusu na daban don gida, abin da ya shiga cikinsa yana takardar ma'aji, kowa ya gani da idonsa.

Makarantar Hausa ta yara ta ranar Asabar ta tsaya tun Satumba, domin ɗakin da ake ara mana ruwa ya ɓata shi kuma ba a gama gyara ba. Asusun jana'iza na nan inda yake bara, bisa dalilin rashin biyan kuɗin wata da na riga na faɗa. Akwai kuma iyalanmu da har yanzu ke zaune a bene, ƙasan gidan babu bango sai katako tsirara, suna girki a gareji. Aikin buga sabon allo da fenti na jiran hannu, kuma fuskokin da ke fitowa kowace Asabar su ne dai na jiya, sun gaji.

Taron Janairu zai duba abu uku: amincewa da kundin tsarin mulki, zaɓen sabbin shugabanni, da shawarar kwamiti cewa wanda ake bi bashin fiye da wata shida ba zai yi zaɓe ba, ba kuma za a zaɓe shi ba. Fankoki da na'urorin tsotse danshin da aka ara, duk wanda suke hannunsa ya dawo da su kafin ranar, domin wasu na masallaci ne. Kujerar sakatare ma tana cikin waɗanda za a cike, kuma na sanar da shugaba cewa ba zan sake tsayawa ba.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya