Kwalejin Shekara Biyu Ba Abin Kunya Ba Ce Ga Yaro Mai Wahalar Karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana iyaye mazauna Amurka, musamman mu da ke Bronx a birnin New York, kan wata shawara da ta hana ni barci a bana.

'Yata tana da larurar da ake kira disleksiya. Idan aka karanta mata babi sau ɗaya, sai ta kawo shi da ka, amma idan aka bar ta da littafin, shafi uku kan cinye mata dare tana bin layi da yatsa. A sakandare, dokar tarayya ta IDEA ce ta tsaya mata, domin ita ta wajabta wa makaranta rubuta mata tsarin karatu na musamman, wato IEP, tare da ƙarin lokaci a jarrabawa, kuma kowace shekara akan kira ni taro. Wannan gata yana ƙarewa ne ranar da yaro ya karɓi shaidar kammala sakandare. Daga nan dokar ADA ta 1990 da sashe na 504 na dokar 1973, waɗanda ke kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ne ke aiki, kuma a ƙarƙashinsu ɗalibi ne zai taka da ƙafarsa zuwa ofishin masu buƙata ta musamman, ya gabatar da takardun gwaji, ya nemi sauƙin da ya cancanta. Ko uba ya buga waya, ba lalle ne a gaya masa komai ba, tunda dokar FERPA ta mayar da bayanan karatu hannun ɗalibin.

Da na fahimci haka sai na tambayi kaina: shin yarinyar nan za ta iya tsayawa gaban malamin da bai san ta ba, a babban zauren lacca, ta ce tana buƙatar ƙarin lokaci? Har yanzu kunya ba ta barin ta, kuma ina ganin mu muka koya mata.

Shi ya sa muka zaɓi kwalejin al'umma ta shekara biyu. Azuzuwanta ba su cika cunkoso ba, za ta riƙa kwana a gida, kuma a tsarin CUNY, wato jami'ar birnin New York da kwalejojinta, kuɗin shekara ga mazaunin birni dala 4,800 ne, yayin da na kwalejojin shekara huɗu ya kai 6,930. Idan ta kammala, tana iya wucewa jami'a da darussan da ta ci. Akwai kwalejin Landmark a jihar Vermont, wadda aka kafa domin irin waɗannan ɗalibai, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin direban tasi irina.

Ban ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Ƙofar kwalejin al'umma a buɗe take ga kowa, kuma da yawa kan shiga su fita ba tare da shaida ba. Shirin ASAP, wanda CUNY ta fara a 2007, yana haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara, amma sharaɗinsa ɗaukar cikakkun darussa, abin da nake tsoron zai yi mata nauyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin mutanenmu. A wani taron suna, wata ta tambayi mahaifiyar 'yata ko jami'a ce ta ƙi karɓar yarinyar, alhali an ba ta gurbi, mu muka ajiye shi. Mako mai zuwa 'yata za ta je ofishin masu buƙata ta musamman na kwalejin da takardunta, kuma mun yi da ita cewa ni a mota zan jira.

Wassalam,
Wani uba daga Bronx, New York