Wasiƙa daga Winnipeg: aikin hitar tsohuwar akori-kura

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya aikin gareji? Mu nan Kanada alhamdu lillahi, sai dai sanyi, don wannan makon ya kai 30 ƙasa da sifili.

Ranar Asabar ka yi ta faɗo mini a rai, shi ya sa na zauna rubuto maka. Akori-kurar nan tawa, Ford F-150 ƙirar 1995, ita ta ba ni aiki. Tun watan jiya in na kunna hita sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar, gilashin gaba ya yi hazo mai maiƙo, in na goge ya ƙara dagulewa. Ruwan lagireto na raguwa, amma ko ɗigo babu a ƙasa. Da na ɗaga kafet ta wajen fasinja, na tarar ya jiƙe sharkaf da koren ruwa. Ashe ɗan ƙaramin lagireton hita ne ya ɓule, wanda ke bayan dashbod, ruwan inji mai zafi na ratsa shi, fanka na hura ɗuminsa cikin mota.

Na san abin da za ka ce: a zare tiyo biyun da ke kai masa ruwa da fitar da shi, a haɗa bakinsu, shi ke nan. A Kano gaskiyarka ce, wa ke neman hita? Nan kuwa ba dama. Iskar ce ke narkar da ƙanƙarar gilashi, kuma in babu ita, numfashinka kaɗai ya isa ya daskare a jikin gilashin ta ciki har ka daina ganin titi. Ga yara ina kai su makaranta.

Maƙwabcina ya ara mini garejinsa mai ɗumi. Na taki sa'a da wannan ƙirar, domin durowar gaban fasinja kawai ake saukewa, a kwance murfi, sai ga ƙaramin lagireton. Waɗanda suka fito daga 1997 sai an sauke dashbod ɗungurungum. Na bari inji ya huce, na cire kan batir, na tsiyaye ruwan a bokiti mai murfi, saboda guba ne, zaƙinsa kuma na jan kyanwa da kare. Inda na sha wuya shi ne tiyo. Shekaru sun sa robar ta manne wa bututun ƙam. Har na kama filaya zan murɗa, sai na ji muryarka: “Tsohon tiyo ba a kokawa da shi, tsaga shi ake yi.” Na sa reza na tsaga, na ɓare shi kamar ɓawon rake, na sa sababbi. Allah Ya saka maka da alheri.

Tsohon ƙaramin lagireton da na ciro, gefensa duk ya yi tsanwa, ruwan da ya zubo daga ciki kamar kunun kanwa. Na zura sabon a hankali, na cika da maganin hana daskarewa rabi, tataccen ruwa rabi, haɗin da ke jure sanyi har wajen 37 ƙasa da sifili. Da farko iska mai sanyi ta yi ta fitowa, gabana ya faɗi. Iska ce ta maƙale a layin. Na bar inji yana aiki, marfin lagireto a buɗe, kumfa na tasowa ina ƙara ruwa, can sai ɗumi ya bugi hannuna. Wallahi na daɗe a zaune ban kashe motar ba.

Ka gaida mini yaran gareji da mutanenmu na Ƙofar Ruwa. In Allah Ya kai mu hutun bazara, ina tafe.

Naka har kullum,
amininka