Kada mu jira sai soro ya faɗi: yadda muka gyara gidanmu na gado da hannunmu

Assalamu alaikum Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Katsinawa, musamman mu da aka haifa cikin gari, irin su Rafindaɗi, Gambarawa, Darma, Unguwar Alkali da sauran tsofaffin unguwanni. Duk shekara in watan Agusta ya kama ruwa ya zamna sai ka ji an ce ɗaki ya faɗi a gidan su wane, katanga ta danne awaki a gidan su wance, wani lokaci ma har da rai, Allah ya kiyaye. Kuma abin da mutane ke faɗi ɗaya ne, wai ai gidan ƙasa ne dole ya faɗi. Ni dai na ce a'a, ba laifin ƙasa ba ne, mu ne muka daina yi wa gidajen nan hidimar da iyayenmu ke yi masu duk rani, kuma da bakin wanda ya gani nake magana don namu gidan saura kaɗan ya bi sahu.

Gidanmu na gado ne, kakanmu ya gina shi, akwai zaure da shigifa da ɗakuna biyar a ciki, biyu daga ciki soro ne sauran an yi masu kwano tun Baba na da rai. Bayan rasuwar shi kowa ya kama gaban shi, ni na koma wajen Ƙofar Ƙaura, Yaya yana Abuja, mata suna ɗakunansu, aka bar Hajiya da jikoki biyu da ƙanenmu guda. Hajiya kuwa ta ce ba inda za ta, nan aka kawo ta tana amarya nan za a ɗauke ta. Wata safiya cikin damina na biya in gaishe ta sai na tarar ta jawo gadonta tsakiyar ɗaki, robobi da kwanoni jere a ƙasa suna tarar ruwa, ita kuma tana zamne kan sallaya gefe guda tana jan carbi. Ban san lokacin da hawaye ya zo mani ba. Na ce Hajiya tun yaushe ake wannan, ta ce tun bara, ba ta so ta ɗaga mana hankali ne don ta san yadda gari yake. Wallahi Edita har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, mu tara ta haifa.

Abin da ya fara zo mana a rai shi ne irin na kowa, a rushe a tada na bulo. Muka kira mai kwangila ya zagaya ya yi lissafi ya miƙo takarda, kuɗin da ke ciki ko mun haɗu mu duka ba mu da shi. Kowa dai ya san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, tifar yashi ta tashi don mai take sha, rodi ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira dubu 10. To nan ne fa tarkon da gidaje da yawa ke faɗawa, sai a ce bari a samu kuɗi a yi gaba ɗaya, tunda za a rushe me zai sa a ɓata kuɗi wurin yaɓe, shekara ta bi shekara kuɗin bai zo ba yaɓen ma ba a yi ba, har ranar da ruwa zai yi rushewar da kan shi.

Kawunmu, ƙanen Hajiya, shi ya ce kafin ku yanke shawara ku bari in kawo maku tsohon maginin da ya saba yi wa mahaifinku aiki. Dattijo ne sosai amma da aka kafa tsani shi ya fara hawa. Ya daɗe a sama yana takawa a hankali yana ƙwanƙwasawa da sanda, da ya sauko ya ce gidanku lafiyar shi lau, ƙishirwar hannu kawai yake yi. Ya nuna mana indararo guda biyu da leda da ƙasa suka toshe, ciyawa har ta tsiro a kan soron saiwarta ta fasa rufin, to ruwa maimakon ya gangara sai ya kwanta, ya tsatsa ya sauka kan azara, azara uku sun ruɓe a ka. Ya ce azara ta gaske daga namijin giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta da sauƙi, tana iya wuce ran wanda ya ɗora ta, amma ba ta jure jiƙa kullum. Sai kuma ya zagayo bayan gida inda shekarun baya muka yi wa katanga fulastar siminti muna ganin mun yi gyara, ya buga da hannu sai ka ji tana ƙara kamar ganga. Ya ce ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, in ka lulluɓe ta da siminti danshin da ya taso daga gindi ba shi da hanyar fita, sai ya zamna ciki yana cin katangar, waje kyau ciki gari, rana ɗaya fulastar ta ɓanɓaro faifai guda. Da muka ɓalle ta kuwa haka muka gani, hannu na shiga cikin katangar har wuyan hannu.

Kafin a taɓa ko cokalin gini sai da muka zamna a zaure ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, kuma wannan zaman ina ganin ya fi aikin kan shi wuya. Gidan ba a raba shi ba, to akwai wanda ya fito fili ya ce shi ba zai zuba kuɗi a abin da bai san rabon shi ba, akwai kuma tsoron kada wanda ya fi ba da kuɗi gobe ya ce shi ya gina. Ban ga laifin kowa ba, mun sha ganin yadda irin wannan ke kai 'yan uwa gaban alƙali. Kawu ya ce a rubuta, aka rubuta cewa duk abin da mutum ya sa, kuɗi ne ko ƙarfi, ya yi ne don Hajiya da ladar Baba, ba ya ƙara mashi ko taku ɗaya a gado, kowa ya sa hannu, mai unguwa da liman suka shaida. Daga nan zukata suka kwanta. Muka buɗe zaure a WhatsApp, duk abin da aka sawo ko ƙusa ce sai an ɗauki hoton rasit an tura, ƙanwarmu da ke koyarwa ita ke riƙe da littafin kuɗi.

Mun fara ne bayan kaka, da hunturu ya shigo ƙasa ta bushe. Da can kududdufi na nan bayan unguwa sai dai a ɗebo da jakuna, yanzu an cike su an yi gidaje a kai, dole muka sayi jar ƙasa aka kawo mana daga bayan gari. Aka zuba ta a ƙofar gida, aka sa ruwa da yankakkiyar ciyawa, samari suka naɗe wando suka shiga kwaɓa da ƙafa. Dattijon ya hana a yi amfani da ita ranar, ya ce a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake ba ta ruwa a sake takawa, sai da aka yi haka kwanaki kafin ya damƙa ya ce yanzu ta yi danƙo. Asabar da Lahadi muke aiki don masu zuwa ofis da 'yan makaranta. Sai ka ga layi tun daga ƙofar gida har gindin tsani, wannan ya cura ya miƙa wa wannan, na ƙarshe ya cilla sama a cafe, ɗiyana da ɗiyan Yaya da ba su taɓa riƙe cebur ba ga su nan jiki duk laka, ɗaya daga cikinsu ma a nan ya fara sanin sunayen 'yan uwan uban shi na ɗaki ɗaya. Maƙwabta da suka ga ana yi ba wanda ya jira gayyata, wani ya kawo baro, wani ya ba da aron tsani, mai shayin bakin layi ya aiko da buta guda.

Mata kuwa ba a magana. Gwaggo ta zo daga ƙauye da buhun kwasfar ɗorawa, aka jiƙa aka samu makuba, ita ce ake shafa wa bango ruwa ya riƙa zamewa. Laso, wato shafen da ake yi wa soro don hana ruwa shiga, shi ne ba mu samu ba, don shi da katsin marina ake haɗa shi da gashin majema da dafara, to marinar ma yanzu ina take, sai dattijon ya yi mana dabarar shi da abin da ke akwai ya kuma gyara gangaren rufin yadda ruwa ba zai tsaya ba. Ranar daɓen ɗakin Hajiya ita ce ranar da ba zan manta ba. Mun so mu sa mata tayil ta ce sanyi yake mata a ƙafa kuma tana tsoron santsi, daɓe take so. Gwaggo ta tara tsofaffin unguwa da 'yan mata, aka baza tsakuwa aka yayyafa ruwan makuba, suka durƙusa da madaɓai suna bugawa tare suna waƙa, 'yan matan ba su iya waƙar ba amma kafin azahar sun kama amshi. Hajiya tana bakin ƙofa tana dariya tana gyara masu baiti. Ga tukunyar dambu a wuta ga fura da nono a ƙwarya, don gaskiya duk wanda zai kira gayya ya tanadi abinci mai kyau, mutum ba zai bar harkar shi ya zo ya yi maka aikin ƙarfi ka sallame shi da ruwan leda ba.

Ba wai mun ƙi siminti ba ne, mun sa shi inda ya dace. Mun yi dakali siriri mai gangare a gindin katanga ta waje don ruwan indararo ya daina tono tushe, mun gyara rariyar tsakar gida har ta fita kwata, mun yi wa madafa da wurin wanka siminti. Ƙanenmu ya taɓa bin birkila shi ya ja mu, kwanon siminti ɗaya na yashi shida wurin ɗora bulo, kuma a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, don iskar hunturu tana busar da shi kafin ya kama sai ya tsattsage. Farar ƙasa da fentin ƙofofi yara suka yi, ragar sauro a tagogi ni na buga da kaina.

Amma fa ina jan kunne, akwai abin da ba a yi mashi ƙarfin hali. Ɗan Yaya ya hau soro ba da izini ba ya taka daidai inda azara ta ruɓe, ƙafar shi ta burma har gwiwa, Allah ya tsare bai faɗo ba, tun ranar aka ce ba mai hawa sai wanda magini ya kira. Canza azara maginin da yaran aikin shi biyu suka yi, suka tokare rufin da itace kafin su zare tsohuwar, mu namu miƙo wannan riƙe wancan. Haka wayar wuta, tsofaffin wayoyin gidan duk sun bushe an yi ta ɗaure su da leda, ɗan Gwaggo ne mai aikin lantarki ya zo ya sake su, kuma mun biya shi kuɗin aikin shi cif duk da ya ce a bari. Sana'ar shi ce, da ita yake ci da iyali, zumunci bai ce a ci guminshi ba. Dattijon ma abin da ya yanka muka ba shi har da ƙari.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, akwai wanda ya zo rana ɗaya bai sake dawowa ba, akwai ranar da aka yi cacar baki kan kuɗin katako har Hajiya ta fito ta raba. Aikin da muka ce wata ɗaya sai da ya ci kusan uku. Amma abin da muka kashe duka bai kai kuɗin bulo da rodi kaɗai na takardar mai kwangila ba.

Abin da ke damuna yanzu Edita shi ne masu wannan sani suna ƙarewa. Hasumiyar Gobarau da ƙasa aka gina ta, ɗaruruwan shekaru tana tsaye, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna ita ma ginin ƙasa ce, ba don an yi masu asiri suke tsaye ba sai don ana komawa ana gyarawa. Dattijon nan ya ce mani cikin ɗiyan shi ba wanda ya gaje shi, duk sun koma bulo ko acaɓa don ba mai kiran su aikin ƙasa. Ina roƙon masarauta da sarakunan magina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da makarantu irin su Hassan Usman Katsina Polytechnic, a nemo waɗannan tsofaffi tun suna da rai a haɗa su da matasa, a rubuta yadda ake haɗa laso da makuba da yadda ake ɗaurin guga na rufin soro. Ku ma 'yan jarida ku je ku zamna da su ku ɗauko mana bayani, ku riƙa tuna wa mutane tun watan Maris su hau su duba indararo su cire ciyawa su toshe tsaga, aikin yini ɗaya ne ga samari uku.

Ruwan farko na bana da dare ya sauko, da iska mai ƙarfi. Ban iya barci ba, ana idar da asuba na hau mashin na nufi gida. Na tarar gadon Hajiya yana jikin bango inda yake tun muna yara, daɓe a bushe, robobin nan an maida su madafa. Ta ce sai da safe ma jikokinta suka faɗa mata an yi ruwa. Saura zaure da ɗakin ƙanenmu, mun sa rana bayan an kawar da amfanin gona in Allah ya kai mu, Gwaggo ta ce ta fara tara kwasfar ɗorawa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.