Wasiƙa zuwa Maraɗi a kan tsohuwar Fijo

Mile 12, Legas

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma ina roƙonka ka isar wa Inna da gaisuwata cikin ladabi. Mu nan lafiya muke, kasuwar albasa kuma sai godiya.

Na ji labari ya riga ni isowa gida, wai na kwashe kuɗin jari na zuba a kan gwangwanin mota, har maganar ta kai kunnen Inna. Saboda haka na ga ya dace in rubuto maka da hannuna, domin ka ji daga bakin mai ita. Gaskiya ne na sayi mota, amma ban taɓa jari ba, kuma abin da nake aiko wa gida kowane wata ba zai ragu da ko dala ba. Motar Peugeot 504 ce, salun, haɗin Kaduna, takardunta sun nuna 1984. Ita ce ƙanwar wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana ja tsakanin Maraɗi da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, sai dai tasa doguwa ce mai layin kujeru uku. Ka tuna ni ne nake riƙe masa sifana idan yana kwance kafireta a ƙofar gida bayan sallar asuba, kai kuwa kana guje wa baƙin mai.

Na same ta ne a hannun wani dattijo a Ikorodu, wanda ya fara gyaranta, ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar hanya, ya bar ta a ƙarƙashin rumfa har tayoyin suka sace. Abin da ya gama shi ne abin da ido ke gani: ya yi mata sabon fenti fari, ya ɗinke kujeru, ya wanke ƙarafunan ado suna ta sheƙi. Ranar da na fara ganinta na kusa biya ba tare da na sunkuya ba, sai bakaniken da na tafi da shi, wani tsohon Bayarabe da ya yi rayuwarsa a kan Fijo, ya ce in dakata. Ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya riƙa bi da shi a jikin motar. A saman ƙofa yana kamawa gam, amma da ya sauko gindin ƙofofin baya da bakin madigadi sai ya zame ya faɗi ƙasa, domin babu ƙarfe a wurin, ƙullin nan ne da masu gyaran bodi ke cike rami da shi aka lafta aka bi da fenti. Da muka ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen direba kuwa, ya sa sukundireba ya danna kaɗan, sai ga hasken rana ta ƙarƙashi. Kyan ɗan maciji ke nan. Wannan ya sa farashin ya sauko sosai, kuma ban zargi dattijon da ha'inci ba, don na lura shi ma mai fentin ne ya rufe shi.

Tsatsa ita ce cutar mota a Legas. Iskar garin ɗauke take da laima da gishirin teku, damina doguwa ce, ga ambaliya da ke kwanciya a unguwanninmu na wannan gefen, ruwa ya shiga lungunan bodi ya kwana ya wuni. Injin kuwa bai ba ni tsoro ba. Silinda huɗu ne, kusan lita 2, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa, kuma da muka zaro sandar auna mai muka ga baƙi ne sak, bai koma kamar shayi da madara ba, alamar ruwa bai haɗu da mai ba. Muka sa batir, muka goge kontak da fulogi, muka ɗiga fetur a bakin kafireta, ta yi tari sau uku ta tashi. Wallahi Yaya, ƙarar da na ji ita ce wadda take tashinmu daga barci muna yara.

Kada ka ɗauka son zuciya ne kawai ya sa na zaɓe ta. An fara fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Faransawa sun daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekara ta 2000, kuma ta daɗe tana motar gwamnati a Najeriya. Amfanin wannan tarihi gare ni shi ne kayan injinta ba su ɓace ba. A kasuwar Ladipo da ke Mushin na samo kayan birki, famfon ruwa da faifan kuloci, a Owode Onirin kuma, nan kusa da mu, 'yan gwangwan na gida sun yi mini alkawarin duk 504 da aka kawo yanka za su kira ni kafin su sa mata guduma. Abin da ya yi wuya shi ne ƙarfen bodi mai lafiya, domin duk wadda ta tsufa a nan ciwonsu ɗaya da tawa.

A nan ne nake neman taimakonka. Ƙasarmu busasshiya ce, mota takan mutu a can da inji amma jikinta ya zauna shekaru bai ruɓe ba. Ina roƙonka ka zaga garejin bayan tasha da wuraren tsofaffin abokan Baba ka nemo mini ƙofofin baya guda biyu, da fitilun gaba na asali, masu gilashi, ba na roba ba. Ka kula da abu ɗaya: daga hanci zuwa ƙofofin gaba, salun da doguwar kayansu ɗaya ne, amma ƙofofin baya da fitilun baya sun bambanta, don haka lallai ƙofofin su kasance na salun. Ka tafi da mayen ƙarfe ko da na tsohuwar rediyo ne, ka bi gindin kowace ƙofa da shi, kuma ka leƙa ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa. Launi bai dame ni ba. Kada ka nuna wa mai kayan cewa Legas za su tafi, ka san halin mutanenmu da jin sunan Legas.

Ba na gaggawa. Na tsara wa kaina cewa mai walda zai fara yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya sa sabon ƙarfe, sannan birki, sannan wayoyin wuta da ɓera ya yi wa ɓarna, fenti kuwa shi ne na ƙarshe, saɓanin yadda mai ita na farko ya yi. Lambar shasi ta dace da ta takarda, na tabbatar da haka kafin in biya, kuma ba zan hau titi da ita ba sai ta ci gwajin lafiyar mota na jihar Legas. Ranar Lahadi kaɗai nake ba ta, daga hantsi zuwa la'asar, kuma na ga ta raba ni da zaman majalisar da ba ta ƙara mini komai sai kashe kuɗin shayi. Babban yarona ma yanzu shi ke riƙe mini sifana, har ya iya bambanta mai lamba 10 da mai lamba 13 ba tare da ya duba ba.

Idan kayan sun samu, ka naɗe fitilun da tsofaffin buhuna ka sa su cikin kwali, ka ba direban da ke kawo mana albasa, ya ɗora ƙofofin a saman kaya, fitilun kuma ya ajiye su a gaba kusa da shi. Kuɗin saye da na dako zan bayar ta hannunsa idan zai koma. Ka gaya wa Inna in Allah ya yarda, ranar da motar ta kammala, da ita zan zo gida, kuma ita ce za ta fara zama a kujerar gaba. A gaida yara da duk mutanen gida.

Wassalam,
Ƙaninka.