Godiya ga shagon da ke sayar mana da injin goge fentin mota

Zuwa ga mai shago da yaransa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, mu masu sana'ar wanke mota da goge fenti ne muka ga ya dace mu yi wannan godiya a bainar jama'a, don yabon gwani ya zama dole. Injin folish dai ba wuyar samu gare shi ba. Abin da ke wuya shi ne mai sayarwar da zai tsaya ya tambayi mai saye kafin ya karɓi kuɗinsa: wane aiki za ka yi da shi, ka taɓa riƙe inji, kuma motar fentin kamfani ne a jikinta ko an taɓa sake fesa ta? Wannan tambaya da kuka mayar ɗabi'a ta ceci motoci da yawa.

Mun yaba da yadda kuke bambance wa mutum injinan folish iri biyu. Akwai mai juyi ɗaya, wanda faifansa ke zagayawa a kan sanda guda, daga juyi kamar 600 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Yana cin karce da sauri, amma zafinsa wuri ɗaya yake taruwa. A bar shi daƙiƙa kaɗan a kan kaifin ƙofa ko bakin bonet, sai ya cinye fenti har ƙasa. Ko bai ƙona ba, hannun da bai saba ba yakan bar wasu zane-zane masu walƙiya da ba a ganinsu a inuwa, sai mota ta fita rana su bayyana. Sai kuma mai juyi biyu, wanda ake kira DA, da faifansa ke juyawa yana kuma kaɗawa a lokaci guda, don haka zafi ba ya zama wuri ɗaya. Idan an danne shi da yawa ko an karkata shi, juyin tsayawa yake yi. Sau tari kukan hana sabon shiga ɗaukar na farko ko da ya fi kawo muku riba, kuma wannan shi ne daidai.

A cikin masu juyi biyun ma ba ku barin mutum ya ɗauki wanda ya fi kyau a kwali. Faɗin kaɗawar ya bambanta: akwai na milimita 8, da 15, da 21. Na 21 yana cinye faffaɗan wuri irin su rufi da bonet nan da nan, amma da ya isa lanƙwasa sai ya riƙa cijewa. Wanda inji ɗaya zai iya saye, a ganinmu na 15 da faifai mai milimita 125 ya fi masa. Ƙaramin faifai mai milimita 75 kuwa na bamba ne da ginshiƙan gilashi da kewayen hannun ƙofa.

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne na'urar auna kaurin fenti da kuke ajiyewa kusa da injinan, kuna nuna wa kowa amfaninta. Mutane da yawa sun ɗauka folish cike karce yake yi. A'a, kankare fentin da ke kewaye da karcen yake yi har su daidaita. Fentin kamfani hawa uku ne: shafen ƙasa, da launi, da shafen sama marar launi mai ba da sheƙi. Dukansu a haɗe yawanci ba sa wuce maikuron 100 zuwa 180 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), shafen saman shi kaɗai kuwa 35 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin fallen takarda ɗaya ba. Daga wannan ɗan abin ake ci duk lokacin da aka ɗora inji, kuma abin da aka ci ba ya dawowa. Shi ne kuma ke kare launi daga rana, to idan ya yi sirara sai fenti ya fara dusashewa yana ɓarewa. In na'ura ta nuna ƙasa da 80, a yi hattara ƙwarai. In ta nuna 250 ko 300 a ƙofa ɗaya alhali sauran jiki na wajen 120, an taɓa sake fesa ƙofar, wataƙila ma da ciko a ƙasa. Kuna kuma faɗa wa mai saye gaskiya cewa irin na'urar da aka saba da ita ƙarfe da alminiyam kawai take karantawa, ba ta aiki a kan bamban roba, ga shi roba ba ta sakin zafi da wuri. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa kuwa ya wuce aikin inji. Iyaka a rage masa kaifi, sauran na mai fenti ne.

Bayanin da yaranku ke yi a kan guntun ƙofar gwaji da ke shagon ya cancanci a maimaita shi. A wanke mota tas, a bi ta da yumɓun cire datti har tafin hannu ya daina jin kaushi, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin soson da ake mannawa a faifan inji ta isa ta zane bonet gaba ɗaya. A busar, a shigar da ita inuwa, jikin ya huce. A rufe robobi da tambari da kaifin gefuna da tef. Sannan a zaɓi ɗan wuri a gwada da soso mai laushi da man folish marar ƙarfi. Sai in bai yi ba a hau zuwa mai kaushi. Launin soso ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da nasa tsarin, a karanta abin da aka rubuta a leda.

Ɗigo uku ko huɗu na mai sun isa, kowane bai fi kan ɗan yatsa ba. A ɗora soso a jikin mota kafin a kunna, in ba haka ba man ya fantsama ko'ina. A baza shi da inji a giya ta 1 ko 2 a wurin da bai wuce santimita 50 kowane gefe ba, sannan a ɗaga zuwa 4 ko 5. Hannu ya tafi a hankali, kamar santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya, a bi a tsaye sannan a kwance, sau huɗu zuwa shida. Gaggawar hannu ita ce ta fi ɓata aikin sabon shiga: inji na ta ƙara, karce na nan daram. Waya a saɓa ta a kafaɗa don kada ta goge fentin da aka gama. Dabarar ja layi da alƙalamin maka a bayan faifai ma mun ga amfaninta, don da layin ya tsaya cak ka san soso ya daina juyawa, ko dai ka danne ko ka karkace.

Bayan kowane yanki a share soso da buroshi ko iska. Soson da ya cika da mai da garin fenti ba ya ci, sai zafi da ƙura, har mannen da ke riƙe shi da faifai ya saki. Shi ya sa shawararku ta a sayi soso huɗu ko biyar na kowane mataki ba neman ciniki ba ce. Soso ɗaya ba ya gama mota. A ƙarshe a goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, a haska fitila daga gefe, domin wasu mayuka ɓoye karce suke yi, sai an yi wanki biyu ya dawo. In wuri ya fito, a rufe shi da man kariya, tunda fentin da aka goge tsirara yake. Fenti marar sheƙi kuwa, wanda haka aka yi shi da gangan, ba a kai masa inji sam.

Mun kuma gode da ba ku juya wa mai saye baya bayan ciniki. Gawayin inji, wato ɗan guntun da ke isar da wuta a cikinsa, kan cinye, waya kan karye daga gindi, faifai kan lanƙwashe ya sa inji rawa a hannu, kuma duk kuna da na canji, ba ku cewa a sayi sabo.

Roƙonmu ɗaya, ranka ya daɗe: a ƙara yawan ƙananan sosuna na milimita 75, don su ne suka fi saurin ƙarewa a shagon. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwa.

Naku,
Masu sana'ar wanke mota da goge fenti