Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Ma'adanar Arolsen

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Arolsen Archives, Bad Arolsen, jihar Hesse, Jamus.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Kano, na kuma zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a saboda yabon gwani ya zama dole.

Kuna riƙe da takardu kimanin miliyan 30 da suka shafi mutane wajen miliyan 17.5 waɗanda gwamnatin Nazi ta tsare, ta bautar ko ta hallaka: katunan fursunonin sansanonin tsare mutane na Buchenwald da Dachau, jerin sunayen waɗanda aka loda a jiragen ƙasa, da takardun waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Tun bayan yaƙin duniya na biyu ofishinku ke amsa masu cigiyar 'yan'uwansu, har yau kuma jikoki na aiko da tambaya, ku bincika musu ba ko sisi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shirin #everynamecounts da kuka buɗe a 2020, wanda ya bai wa duk mai intanet damar duba hoton tsohuwar takarda ya kwafe suna da ranar haihuwa da garin mai ita. Ɗalibaina sun san an kashe Yahudawa miliyan 6. Sun haddace dokokin Nuremberg na 1935 da suka tuɓe wa Yahudawan Jamus 'yancin zama 'yan ƙasa, da taron Wannsee na Janairun 1942 inda jami'ai suka tsara yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a kisan. Duk wannan karatun jarrabawa suka ɗauke shi. Sai da suka fara kwafe katunan, suka ga an rubuta sana'ar mutum da sunan mahaifiyarsa, suka lissafa suka tarar wani sa'ansu ne, sannan jikinsu ya yi sanyi. Na ga yarinya ta maimaita suna harafi-harafi don tsoron kada ta ɓata shi.

Na kuma yaba da gaskiyarku. Ba ku ɓoye cewa sunaye da yawa ba su cikin ajiyarku ba. Waɗanda aka kai sansanonin kisa na Treblinka da Sobibor da Belzec, mafi yawansu an kashe su ranar da suka sauka, babu wanda ya yi musu rajista. Haka mutum 33,771 da aka harbe a kwarin Babi Yar kusa da Kiev cikin kwana biyu a Satumbar 1941. Ko a shirin #StolenMemory, da kuke mayar wa iyalai agoguna da zobba da hotunan da aka ƙwace, kun bayyana cewa kaɗan ne daga cikin kayan na Yahudawa, domin a sansanonin kisa nan take aka wawashe nasu. Wannan bayani ya amfane ni ƙwarai, saboda yaranmu na cin karo da masu ƙaryata kisan a kafafen sada zumunta, suna fakewa da giɓin takardu. Yanzu sun san dalilin giɓin, sun kuma san wanda ya haddasa shi.

Roƙona ɗaya: idan da hali, a samar da bayanin yadda ake aikin kwafen da harshen Hausa, domin akwai matasa da yawa a nan da za su sa hannu.

Allah ya ƙara muku ƙarfi da haƙuri a kan wannan amana.

Naku,
Malamin tarihi, Kano